Jirgin Ƙasan da Ya Cika Mini Kwamfuta

In dai ina da rai da hankalina, akwai wata Asabar da ba za ta taɓa fita daga raina ba. An kwana biyu da faruwar abin, amma har yau in na tuna sai dariya ta kuɓuce mini, ko da kuwa ina tsakiyar aji ne a gaban ɗalibai.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata. A Tudun Wada muke zaune, nan Zariya. A lokacin maigidana yana aiki a Gusau, sai ƙarshen wata yake leƙo mu, yara kuma duk suna makarantar kwana. Gidan ya rage daga ni sai surukina, mahaifin maigidan, wanda muke kira Baba. Tsohon direban jirgin ƙasa ne. Ya zo wurinmu jinyar gwiwa, da ya warke kuma muka hana shi komawa. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai. Gaisuwa ce, sai kai abinci, sai addu'ar da yake bi na da ita in zan fita. Bai taɓa kiran sunana ba, Malama yake ce mini.

To a daidai wannan lokaci ne na nemi wani aiki na koyar da Hausa ta intanet, ga baƙi 'yan ƙasashen waje masu son koyon harshen. Aiki ne da zan riƙa yi da yamma a ɗakina, ba sai na ajiye na makaranta ba. Na daɗe ina fatan samun irinsa. Suka amsa mini, suka ce ranar Litinin da safe za su yi mini intabiyu ta bidiyo, kuma zan gabatar da ɗan darasi su gani. Na shirya darasin tsaf, da hotuna da muryoyin da na naɗa, duk suna cikin kwamfutata ta hannu, wadda yara ke kira laftof.

Sai dai ita kwamfutar ta daɗe tana ba ni alamu, ni kuma ina ta cewa gobe. Da farko ɗan jinkiri take yi. Daga baya abin ya kai in na kunna ta, sai in je in ɗora tukunya, in wanke shinkafa, in dawo in tarar tana nan tana tunani. In na danna harafi, sai na manta da shi sannan ya fito. Ga wani gurnani da take yi kamar injin niƙa a nesa. A safiyar Asabar ɗin na ce bari in gwada bidiyo in ga yadda zan fito. Fuskata ta bayyana a allon, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, ta daskare a haka ta ƙi motsi. Na kalli wannan fuska na ce, in waɗannan mutane suka gan ni haka, ko gaisuwa ba za su yarda in koya musu ba.

Na sa ta a jaka na hau keke sai Kwangila, wurin wani mai gyara da aka yi mini kwatance. Na tarar da shagon cike, kwamfutoci jibge har kan kujera. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya kunna ta, ya jira, ya gaji da jira, sai ya ce, "Hajiya, hanya mafi sauƙi a yi mata fomatin, a goge komai a sake zuba mata sabo. Amma kin ga layin da ke gabanki. Sai tsakiyar mako."

Na ce, "A goge komai? Har da darasina da hotunan yara?"

Ya ce za a iya kwashe wasu, amma shi ma aiki ne mai cin lokaci, kuma ba zai yi mini alkawarin da ba zai cika ba. Na yi masa godiya na ɗauko kayata. A keke ina dawowa, na rungume jakar a ƙirji, ina jin kamar in yi kuka a gaban mutane.

A bakin ƙofa na haɗu da maƙwabciyata, wadda duk layin ke kira Mama Nas. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Ta fito daga gwajin waƙar cocinsu, da littafin waƙa a hammata. Mace ce da ba a iya ɓoye mata damuwa, kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "'Yata, wa ya rasu?"

Na ce, "Kwamfuta ce, Mama."

Ta saurari bayanina har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni ban san komai a kan kwamfuta ba, wayar hannuna ma jikokina ke daidaita mini. Amma ke kina da waya mai intanet, ni kuma ina da lokaci. Mu shiga mu gani. In mun kasa, ai dama a kashe take."

Muka shimfiɗa tabarma a baranda inda akwai haske. Ni ina bincike a waya ina karanto abin da masana suka ce a duba, ita kuma tana yi mini tambayoyi irin na aikinta. Yaushe abin ya fara? A hankali ya zo ko farat ɗaya? Wa ke amfani da ita bayan ni? Na ce ni kaɗai ce, sai Baba da na nuna wa yadda zai saurari tafsiri tun watan azumi, in na tafi makaranta. Ta ce to. Ta ɗora bayan hannunta a ƙasan kwamfutar, ta janye da sauri.

"Kai! Wannan ai a kanta za a iya dafa ƙwai. Ta ina take shan iska?"

Na juya ta na nuna mata 'yan ramukan da ke ƙasa da gefe. Muka leƙa, ba a ganin komai, sun toshe gaba ɗaya. Bayanin da na karanta ya ce in kwamfuta ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ya ce a kashe ta, a zare caja, a cire batir, sannan a buɗe murfin ƙasa a share fankar da ke ciki. Da na zo kan buɗewa sai na dakata. Ban taɓa kwance ko rediyo ba a rayuwata.

Mama Nas ta aika ni in ɗauko ƙaramin sukundireba a akwatin kayan aikin maigidana, da tsohon buroshin haƙori, da murfin kwano. Ita ta riƙa kwance notunan tana jera su a murfin kwanon yadda suke a jikin kwamfutar, don kada mu rikice wurin mayarwa. Da murfin ya ɗago, muka yi salati tare, kowa da irin nata. Fankar ba ta ganuwa. Wani dunƙulen abu ne fari-fari ya naɗe ta, kamar an cusa mata tsumma. Mama Nas ta tsinko kaɗan ta murza a yatsa ta kai kusa da tabarau.

"Wannan ba ƙura ba ce kaɗai. Audugar rimi ce. Wa ke da matashin kai na rimi a gidan nan?"

Mutum ɗaya ne. Baba yana da wani tsohon matashi da ya zo da shi, ba ya yarda a canja masa. Ashe a kansa yake ɗora kwamfutar in zai saurari karatu.

Muka share a hankali, ni ina riƙe fankar da ɗan yatsa don kada ta juya, ita tana bi da buroshi. Muka mayar da murfi, muka ɗaure notuna, babu wanda ya yi saura. Na yi bisimilla na danna. Ta kama! Gurnanin nan ya tafi, sai wani ɗan huci mai laushi. Na tashi zan yi rawa, Mama Nas ta ce in zauna tukuna. Gaskiyarta kuwa. Zafi ya sauka, amma nauyin yana nan, an dai samu ɗan sauƙi.

Muka koma kan waya. Mataki na gaba shi ne a buɗe wani shafi da ke nuna manhajojin da ke aiki a ɓoye suna cin ƙarfin kwamfuta. Da ya buɗe, na ga baƙin da ban taɓa gayyata ba. Akwai mai cewa zai ƙara mata gudu, akwai mai hasashen ruwan sama a wani gari da ban san inda yake ba, akwai wasan jera duwatsu masu launi, akwai wani mai faɗin farashin motoci. Dukkansu da an kunna kwamfuta suke tashi tare da ita. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ban gane ba sai in bincika sunansa a waya kafin in taɓa shi, don kada in cire abin da kwamfutar ke buƙata. Mama Nas tana gefe tana cewa, "Wannan ma sallame shi, ya gaida gida." Muka sa manhajar tsaro ta bincika ko akwai bairos, ta kamo 'yan ƙananan abubuwa ta share.

Aka sake samun sauƙi, amma bidiyo har yanzu yana tsinkewa. Abu ɗaya ya rage a duba, wato ma'ajiyar kwamfutar. Na buɗe sai ga layin da ke nuna cikarta ya yi ja wur, ya kai maƙura. Na yi mamaki, domin ni ban ajiye wani abin kirki ba. Na bi folda-folda ina neman inda nauyin yake, har na isa ta bidiyo. Fayiloli ne jere reras, ba iyaka, kowanne ƙato. Ban san da ko ɗaya ba.

Mama Nas ta ce, "Goge su mana, in ba naki ba ne."

Har na zaɓe su duka, yatsana yana kan madannin gogewa. Sai wani abu ya ce mini in buɗe ɗaya tukuna. Na buɗe.

Hanci ne ya fara cika allon. Sai furfurar gemu. Sai aka ja da baya, ga Baba zaune a kan gadonsa, ya sa hular da yake zuwa Juma'a da ita. Ya gyara murya ya ce, "Assalamu alaikum jikokina. Jiya mun tsaya a inda jirgi ya taso daga Kafanchan da damina. To ku saurara." Sai ya kumbura kumatu ya fara kwaikwayon tashin jirgi, da hucinsa da ƙarar ƙafafunsa, yana juya hannuwa, ya ƙarasa da wata doguwar busa. Wannan dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba!

Mama Nas ta kwanta a tabarma tana dariya har da hawaye. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ja mayafi na toshe baki, amma kafaɗuna sun ƙi tsayawa. Muka buɗe wani, yana ba da labarin ranar da garken shanu ya tsare musu hanya a daji. Wani kuma yana lissafo kakanninsu da garuruwan da suka zauna. A nan muka gane dalilin girman fayilolin. Baba ya gano yadda ake fara ɗauka, amma bai gano yadda ake tsayarwa ba. In ya gama labari sai ya ce "To madalla," ya jingina. Daga nan sai silin da fanka, sai minsharinsa, sai kukan akuyar maƙwabta, har batir ya ƙare.

Muna cikin haka muka ji sandarsa a zaure, ya dawo daga sallar azahar. Na kai hannu zan rufe, amma na makara. Ya shigo daidai lokacin da muryarsa ke busar jirgi a baranda. Ya tsaya cak. Ni na sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mama Nas ce ta cece mu. Kusan sa'arsa ce, kuma sun saba tsokanar juna ta kan katanga. Ta ce, "Sannu da zuwa, Direba! Ashe jirgi guda ka shigo da shi cikin kwamfutar yarinyar nan, har da fasinjoji? Shi ya sa ta kasa tafiya."

Baba ya zauna a kujera a hankali. Ta yi masa bayanin komai, da audugar rimi, da baƙin manhajoji, da intabiyun Litinin wanda ni kunya ta hana ni gaya masa. Da ta tambaye shi yadda aka yi waɗancan manhajoji suka shigo, sai ya ce, "To ni duk abin da ta tambaye ni, sai in ce mata to. Na ga ba kyau abu ya yi ta roƙonka kana hana shi."

Muka sake fashewa, har shi ma ya murmusa. Amma da ya fahimci cewa aikina ne ke neman suɓucewa, sai fuskarsa ta canja. Ya dubi gefe, ba ni ba, ya ce, "Malama, ki yafe mini. Ban san ina yi miki ɓarna ba. Na ga yaran nan ba sa gida, sauran jikokina na Legas kuma sai shekara-shekara, ni kuma kullum abubuwa suna zame mini. Na ce bari in ajiye musu tun ina tunawa. Goge su duka. Surutun tsoho ne."

Wannan ce rana ta farko da na yi masa magana mai tsawo. Na ce, "Baba, wallahi ko ɗaya ba za a goge ba. In ya zama sai an zaɓa, gara in je in ari kwamfutar wani in yi intabiyun."

Mama Nas ta ce babu wanda zai zaɓi komai. Ta shiga gida ta fito da wata 'yar ma'ajiya mai kamar akwatin ashana babba, wadda ɗanta ya bar mata da hotunan bikinsa a ciki, kuma akwai sauran wuri da yawa. Muka jona, muka fara kwashewa. Aikin ya ɗauki tsawon yamma. Na kawo dambu da zoɓo, muka ci a nan baranda muna kallon layin yana tafiya kaɗan-kaɗan. Mama Nas ta ce tunda ga mai labarin a zaune, me zai sa mu jira na'ura? Ta matsa masa sai ya ƙarasa mana na shanun nan. Ya yi ta nonnoƙewa saboda ni, daga baya labarin ya ɗebe shi, ya manta da wata surukuta. Ashe shanun sun ƙi tashi ne har sai da wata tsohuwar Bafulatana ta fito daga ruga ta yi musu kira ɗaya, suka miƙe suka bi ta. Ita kuma ta ce ladanta a busa mata jirgi ta ji da kyau. Baba ya ce ya busa mata har sai da ta toshe kunne tana dariya.

Da aka gama kwashewa, ban yarda na goge komai ba sai da muka buɗe da dama daga cikinsu a sabuwar ma'ajiyar, muka tabbatar suna aiki. Sannan na share na kwamfutar, na kashe ta na sake kunnawa. Kafin in gyara zama ta buɗe. Na gwada bidiyo, fuskata ta fito tana motsi yadda Allah ya yi ta. Mama Nas ta rangaɗa guɗa, har matan gidan gaba suka leƙo suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Ranar Litinin Baba ya riga ni shiri. Ya sa aka fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna da sandarsa a kan cinya. Daga baya na ji labarin abin da ya yi. Ya mayar da mai tallan kifi, ya roƙi mai faci ya dakata da buga ƙarfe, ya sa wani ɗan acaɓa ya kashe mashin ya tura shi har ya wuce gidanmu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Malama tana magana da ƙasar waje." Ana tsakiyar intabiyun aka ɗauke wuta, amma batir ya riƙe har muka yi sallama. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo cewa sun ɗauke ni. Har yau ina wannan aiki.

Da maigidana ya dawo ya ga bidiyoyin, ya zauna ya yi ta kallo. Ya ce akwai labaran da shi kansa bai taɓa ji ba. Ya sayo wa Baba ma'ajiyarsa ta kansa da ɗan tebur na ɗora kwamfuta, ni kuma na nuna masa madannin tsayarwa, na manna masa jan salatif a kusa da shi. Da aka yi hutu yara suka dawo, suka yanke minsharin da silin, suka tura wa 'yan uwansu na Legas. Minshari ɗaya dai sun ƙi gogewa, sun ce shi ma tarihi ne. Baba yana nan da ransa, ya ƙara tsufa, kuma yanzu in zai ba da labari sai ya aiko a kira ni in zauna.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, in abu ya yi nauyi, kada in yi saurin cewa a share komai a huta. In zauna tukuna in duba, a hankali, in ga mene ne ya cika shi. Wani abin tarkace ne da ya kamata a zubar, wani kuwa wuri kawai yake nema inda za a adana shi. Ba a bambance su sai an buɗe an gani. Tun daga ranar, ko a kwamfuta ko a tsakanina da mutane, ba na yanke hukunci a kan abin da ban buɗe na saurara ba.